Ajin Ƙarshe Ba na Ɗalibi Kaɗai Ba Ne

Mahaifina ya fi shekara talatin yana sayar da hatsi a kasuwar Dawanau. Idan ya tsoma hannu cikin buhun gero ya damƙo ya murza, zai gaya maka ko na bana ne ko na bara, ko an yi masa algus ko ba a yi ba. Amma ranar da na durƙusa gabansa a shekarar 2016 na ce lokacin rajistar JAMB ya yi, kuma ana son in zaɓi abin da zan karanta, sai ya ciro kuɗi daga aljihu ya ƙirga ya miƙo mini, ya ce, "Ka rubuta likita." Iyakar shirin da gidanmu ya yi wa shigata jami'a ke nan.

Ni ne ɗan fari, kuma ni ne na farko a zuriyarmu da ya kai ajin ƙarshe na sakandare. Kunyar da ke tsakanin ɗan fari da iyayensa ba ta bar wurin tambaya ba. Inna ko sunana ba ta kama wa, balle mu zauna mu tattauna abin da nake so. Na tafi wani shagon intanet, mai shagon ya cike mini komai cikin minti goma. Sakamako ya fito na ci 209 cikin 400, muka yi murna har da sadaka, don babu wanda ya san cewa masu neman likitanci sun yi wa guraben yawa, kuma makin da ya haura rabi da kaɗan ba ya kai mutum ko bakin ƙofa. Shekara ta zagayo na sake, na sake rubuta likita, na sake rasawa. Shekara biyu na yi a kan dakalin ƙofar gida ina kallon sa'o'ina suna wucewa, har sai da wani tsohon malaminmu ya tambaye ni darasin da na fi ƙwarewa a kai. Da shawararsa na koma Labarin Ƙasa, na sami gurbi a 2018. Ban taɓa ganin laifin Baba ba. Ya biya sau uku bai taɓa yi mini gori ba. So ne ya yi masa yawa, sanin hanya ya yi masa kaɗan, kuma Hausawa sun riga sun faɗa: rashin sani ya fi dare duhu.

Na dawo gida da digiri a 2023, ina zaman jiran kiran bautar ƙasa, daidai lokacin da Autarmu ta shiga ajin ƙarshe. Na ƙudurta cewa ba za ta zauna a dakalin da na zauna ba. Sai dai nan da nan na gane ba ita ce mai buƙatar darasi ba. Malamanta suna bakin ƙoƙarinsu. Waɗanda za su biya kuɗi, su sa hannu, su yanke hukunci, su ne ba su taɓa samun mai yi musu bayani ba. To, ta yaya ɗa zai karantar da uban da ya haife shi, a al'ummar da ta yarda cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba?

Inna ce ta nuna mini hanya. Tana tankaɗe, ba ta ko dube ni ba, ta ce, "Kada ka je masa da koyarwa. Ka je masa da neman shawara." Haka na yi. Bayan sallar isha'i na sami Baba a zaure da wani kwali da na zana wa watanni goma sha biyu, na ce, "Baba, ga lissafin shekarar Auta, na kasa daidaita shi, ko za ka duba mini?" Ɗan kasuwa ba ya ƙin lissafi. Ya gyara zama.

Na ce masa ƙofofi uku ne a gabanta. Ta farko ita ce jarrabawar kammala sakandare, WAEC a wajajen Mayu da Yuni, NECO kuma a bayanta, inda ake son kiredit aƙalla biyar, ciki har da Turanci da Lissafi. Ta biyu JAMB ce: darussa huɗu, Turanci dole, sauran ukun kuma sai sun dace da fannin da ake nema, a kan kwamfuta ake yin ta. Ta uku ita ce tantancewar da ita kanta jami'ar take yi. Bayan duk wannan, sai ɗalibi ya shiga manhajar CAPS ya karɓi gurbin da hannunsa, in ba haka ba kamar ba a ba shi ba ne. Na ƙara da cewa jami'o'in tarayya kan raba gurabensu kashi uku: kashi 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi maki, kashi 35 ga 'yan jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Baba ya yi shiru yana shafa gemu, can ya ce, "Ashe kasuwa ce. Kaya kaɗan, masaya da yawa. Kai kuma na tura ka rumfar da ta fi kowace tsada da kuɗin mudu ɗaya." Wannan ita ce magana mafi kusa da ban haƙuri da na taɓa ji daga bakinsa, kuma ta ishe ni.

Kwalin nan ya yi mana rana tun ba a je ko'ina ba. Tun daga 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. Da muka haɗa takardun Auta a watan Nuwamba, sai muka tarar an rubuta sunanta iri biyu, ranar haihuwarta ma ta makaranta daban, ta katin daban. Makonni muka yi muna kai-kawo kafin a gyara. Da mun bari sai Janairu da aka buɗe rajista, da mun zama masu fafe gora ranar tafiya. Inna kuwa, wadda ba ta karanta boko ko harafi ɗaya ba, ta ɗauki nata rabon ba tare da an roƙe ta ba: ta sauke wa Auta girkin dare da wanke-wanke, ta hana aikenta bayan magariba. Baba ya ware kuɗi ta riƙa zuwa koyon kwamfuta kowace Asabar, don yarinyar da ba ta saba da na'urar ba za ta iya sanin amsa amma lokaci ya ƙare mata tana neman inda za ta danna.

A wani wuri kuma, ni jagoran ne na kusa ɓata. Wani maƙwabcinmu ya zo da labarin wata makaranta a bayan gari, wadda idan aka biya kuɗi mai kauri aka yi wa yaro rajista a can, amsoshi a kan allo za a rubuta musu. Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta karkata. Na tuna shekaru biyun da na rasa, na ce ko don a huce takaici. Da na kai wa Baba maganar, ya dube ni irin kallon da yake yi wa buhun da bai yarda da shi ba, ya ce, "Shekara talatin ban taɓa tauye mudu ba. Yanzu da furfurata zan saya wa 'yata takardar algus? In ta zama ma'aikaciya da ita, albashin da za ta ci fa?" Ban sake tayar da zancen ba. A daren na gane cewa ni na san hanya, amma shi ya san inda bai kamata a taka ba.

Babbar gwagwarmayar ta zo ranar zaɓen fanni. Baba ya ce, kamar yadda ya ce shekaru takwas da suka wuce, "Ta rubuta likita." Na ce, "Baba, ko za mu ji ta bakinta?" Aka kira ta. Ta durƙusa, kanta a ƙasa, ta ce ita Aikin Gona take so. Zauren ya yi tsit. Baba ya ce, "Na sa ki makaranta don ki fita daga ƙurar hatsi, ke kuma cikinta za ki koma?" Muryarta na rawa ta ce, "Baba, shekarar da ƙwaro ya cinye maka wake a sito, ina gani ka kwana uku ba ka ci abincin kirki ba. Buhun nan mai ninki uku da kake zuba wake a ciki yanzu ba tare da magani ba, masu irin wannan karatun ne suka ƙirƙiro shi. Ina so in san yadda ake yi." Ni kuma na ƙara da abin da na sani: cewa karatun shekara biyar ne, ba wasa ba, kuma irin wake da masara da dawa da yawa da manoma ke kawo masa, daga cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya suka fito. Baba bai amsa ba. Kwana biyu bai ce uffan ba. A rana ta uku, zai fita kasuwa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce da ni, "Ka rubuta mata abin da ta ce. Allah ya yi albarka."

Ranar bikin yaye su, Baba ya rufe rumfarsa, abin da ban taɓa gani ya yi ba sai don sallah ko jana'iza. Ya zauna a sahun iyaye cikin babbar rigarsa, kuma da wani uba a gefensa ya soma kukan cewa ɗansa ya ci maki mai kyau amma shiru ba gurbi, sai na ji Baba yana tambayarsa, "Ya duba manhajar kuwa? Darussan da ya zaɓa sun dace da fannin?" Na sunkuyar da kai don kada a ga idona.

Auta ta sami kiredit bakwai, ta kuma sami gurbin da ta nema. Ko za ta cim ma burinta, wannan yana hannun Allah. Abin da na tabbatar shi ne, a unguwarmu kaɗai akwai gidaje da dama da ake ƙirga wa yaro kuɗi a ce "rubuta likita" ko "rubuta lauya", a sallame shi da addu'a. Iyayen nan ba ƙauna suka rasa ba, ba kuma basira ba. Sun rasa wanda zai zauna da su ne ya yi musu bayani da harshen da suke ji, cikin ladabin da ya dace da girmansu. Wannan bashi ne a kan duk wanda ya riga 'yan gidansu shiga jami'a. Kwalin nan har yanzu yana rataye a zaurenmu, gefensa ya soma yagewa. Bana gida uku ne suka aiko aron sa, kuma Baba ne da kansa yake yi musu bayani.