Ƙafar Baffa da Makin JAMB

Mu uku ne muke zama a bencin shagon ɗinkin Baffa a Fagge bayan sallar isha'i, lokacin da kekuna suka yi shiru aka bar mana ƙwan fitila guda. Biyu daga cikinmu 'ya'yan wa da ƙani ne, 'yan unguwar. Na ukun daga Sabon Gari yake takowa, iyayensa mutanen kudu ne amma a Kano aka yanke masa cibiya, Hausarsa kuwa ta fi ta wasu 'yan birni. Sakandare ɗaya muka gama, kuma buri ɗaya ya haɗa mu, wanda idan muka faɗa sai a yi mana dariya: muna so mu zama likitocin ƙafa.

Dalilin yana zaune a gabanmu kullum. Baffa ya fi shekara 30 yana taka keken ɗinki da ƙafar dama. Ciwon sukari ya kama shi, yana shan magani idan akwai kuɗi, ya bari idan babu. Wata rana ya taka ƙusa a ƙofar shago bai ji komai ba, sai da yaron shago ya ga jini a silifas. Aka wanke, aka shafa abin da maƙwabta suka ce a shafa, aka ɗaure da ƙyalle. Kafin a kai shi asibiti gyambon ya ci ya kai ƙashi. Daga ƙasan gwiwa aka yanke.

Sai daga baya muka fahimci abin da ya faru. Sukari idan ya daɗe da yawa a jini yana kashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, ya kuma rage gudun jini zuwa ƙafa. Mutum ya ji rauni bai sani ba, raunin kuma ya ƙi warkewa. Da an samu mai duba tafin ƙafar Baffa da wuri, wataƙila da yau yana kan kekensa.

Ɗan Sabon Garinmu ne ya fara lalubowa a waya cewa a wasu ƙasashe kula da ƙafa fanni ne mai zaman kansa. A Amurka har makarantunsa daban, shekara 4 ake yi bayan digirin farko, kuma sai an zauna jarrabawar MCAT wadda ke cin sama da awa 7. Muka dubi juna, muka dubi aljihunmu. Hanyar da ke gabanmu ita ce ta gida: JAMB, sannan likitanci a Jami'ar Bayero, da koyon aiki a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, in Allah ya yarda kuma a ƙware a kan ƙashi, irin aikin da Asibitin Ƙashi na Dala ya yi suna a kai. Tafiya ce mai nisa, amma ko ba komai mun san inda ƙofarta take.

Ƙofar dai darussa 4 ce: Turanci, Bayoloji, Kimistiri da Fiziks. Tambayoyi 180 a cikin awa 2, Turanci 60, sauran 40-40, maki 400 gaba ɗaya. Da muka yi lissafi sai muka ga kowace tambaya daƙiƙa 40 ce rabonta. Wannan lissafin ya fi kowane malami tsorata mu.

Muka haɗa kuɗi muka sayo littattafan tsofaffin tambayoyi a wajen Bata, wurin da sunansa ma daga kamfanin takalma ya samo asali. Muka raba aiki: ɗaya ya riƙe Kimistiri, ɗaya Fiziks, ɗan Sabon Gari ya riƙe Turanci, Bayoloji kuwa na kowa ne. Wanda ya koyar da abu ya kasa amsa tambayar 'yan'uwansa, shi zai sayi shayi. Idan an kira salla, abokinmu ya tsare mana littattafai. Ranar Lahadi da safe kuma ba a karatu sai ya dawo daga coci. Ba mu taɓa zama mun tsara hakan ba, haka kawai ya kasance.

Jarrabawar a kwamfuta ake yin ta, mu kuwa waya kaɗai muka iya latsawa. Duk Asabar sai mu je wani shagon kwamfuta a Sabon Gari mu biya kuɗin awa ɗaya, mu raba ta uku. A nan muka koyi cewa N ke kai mutum gaba, P ta dawo da shi baya, kuma tambayar da ta ƙi ci a bar ta a wuce. A 2024 azumi ya kama daga Maris zuwa Afrilu, ga zafin bazara, jarrabawar kuma ta biyo bayan salla. Sai muka mayar da karatun bayan tarawi har zuwa sahur.

Baffa yana gefe a kujerarsa yana sa maɓalli da hannu, yana sauraro. Daren da muke bitar ƙwarangwal ya ji an ce ƙafa ɗaya ƙashi 26 gare ta, biyun kuma 52 daga cikin 206 na jikin mutum. Ya ajiye allura ya ce, "Ashe ƙashi ashirin da shida na bari a asibiti, ban da na ƙwauri." Ya yi dariya. Mu muka kasa.

Ranar jarrabawa ba a tambaye mu komai game da ƙafa ba. An tambaye mu haihuwar tsirrai, da nauyin sinadarai, da saurin faɗuwar dutse. Da sakamako ya fito muka tura saƙo zuwa 55019 a tare, a kan bencin nan. Babu wanda ya faɗi, babu kuma wanda makinsa ya kai inda masu neman likitanci ke gogayya. Kujerun kaɗan ne, masu nema kuwa dubbai. Muka yi shiru har Baffa ya ce, "Ku faɗa mini mana, ai ba mutuwa aka yi ba."

Abin da ya biyo baya ya fi karatun wuya. A gida ana cewa a canza kwas kada shekara ta tafi a banza, kuɗin fom ba a ƙasa ake tsintarsa ba. Gaskiya suke faɗa. Ɗayanmu ya karkata zuwa fannin gashin ƙashi, inda ake koya wa irin su Baffa tafiya da ƙafar roba, kuma ya samu. Da farko mun ga kamar ya gudu ya bar mu, sai da muka ga shi ne ya fara amfanar Baffa. Ɗaya ya karɓi keken Baffa yana ɗinki da rana, don gidan na buƙatar abinci. Mu biyun da muka rage mun sake zama, mun ƙara maki, bai dai isa ba tukuna.

Wani abu ne bai canza ba. Kowane dare kafin a buɗe littafi, ɗayanmu zai durƙusa ya haska ƙafar hagun Baffa da fitilar waya: tafin, diddige, tsakanin yatsu inda ruwan alwala ke maƙalewa. A goge, a shafa mai ban da tsakanin yatsun, a zazzage takalmi a laluba cikinsa da hannu. Mun hana shi yawo ba takalmi, mun hana shi yanke farce da reza. Yanzu har wasu telolin layin masu sukari kan miƙo tasu su ce, "Likita, duba mini." Mukan ce mu ba likitoci ba ne, kuma duk wanda muka ga rauni a ƙafarsa, asibiti muke tura shi a ranar.

Jiya Baffa ya ciro kuɗi daga aljihun jamfarsa, ya ƙirga, ya ajiye a kan littafin Kimistiri. Muka ce, "Baffa, na maganinka ne fa." Ya ce na magani yana nan daban, wannan na fom ne. Sannan ya miƙo ƙafar, ya ce a duba da wuri, dare na yi.