Layi Ɗaya da Ya Hana Baba Barci

Yau labarin tsohuwar kwamfutar Baba na kawo muku.

Bayan gobarar kasuwar Terminus a 2002, Baba ya dawo Titin Bauchi ya kama ɗan shago yana sayar da kaset da faifan CD ga direbobin tasha. Da ya ga ciniki ya koma faifai, sai ya sayi kwamfuta mai na'urar buga CD. Wani ɗalibin Jami'ar Jos ya sa masa Linux, ya ce kyauta ce kuma ba ta cika kama cuta ba. To, na'ura tana karanta faifai, amma ta ƙi bugawa. Sati biyu Baba yana fama, har ya fara cewa ilimin ne bai da shi.

Ashe layi ɗaya ne. A lokacin sai ka buɗe fayil ɗin tayar da kwamfuta ka rubuta hdc=ide-scsi da hannunka, don Linux ta ɗauki na'urar a matsayin wata iri daban, sannan ta yarda ta buga. Ina ɗan kasuwa zai san wannan? Alhali Windows XP tun 2001 tana buga faifai ba tare da ƙarin manhaja ba. Sai da Linux 2.6 ta fito a Disamba 2003 aka daina buƙatar wannan layin.

Bana na kakkaɓe kwamfutar, saboda faifan da ke ɗauke da karatun Alƙur'ani na marigayi kakana ya fara tsalle, kuma shi kaɗai gare mu. Na sa Ubuntu, na buɗe Brasero, na danna sau uku. Shi ke nan, minti 80 na muryar Malam ya koma sabon faifai. Na ajiye wani a waya.

Baba ya saurara shiru, sannan ya ce, "Kai da ko sakandare da ƙyar ka gama?" Na ce, "Baba, ba wayo na fi ku ba, hanyar ce aka share."

Jama'a, in ɗan koyo ya kasa, kafin a ce kansa ne da tauri a duba ko ƙofar ce aka matse. Waɗanda suka zauna suka sauƙaƙa mana wannan aiki ban san fuskarsu ba, amma sun ceto muryar kakana. Ku ma ku duba faifan da ke gidajenku tun kafin su lalace.

Sai mun sake haɗuwa.