'Yar Hudar Bindigar Kakana

Wannan makon labarin kakana na zo muku da shi.

Ina yaro a Yakasai, nakan tarar da shi a soro ya naɗe ɗan yatsansa ya bar 'yar ƙofa kamar ta allura, ya kanga a ido yana karanta wasiƙa. Na ce, "Tsoho, tabarau ne ba ka da kuɗinsa?" Ya ce, "Ja'iri, wannan dabarar daga Bama na zo da ita."

Yana cikin sojojin Afirka ta Yamma da Turawan Ingila suka kai yaƙi da Japan, a runduna ta 82, wadda ta shiga Myohaung a Janairun 1945. Ya ce bindigar da ya fara riƙewa tsohuwar Lee-Enfield ce, abin saitinta na baya wata 'yar tsaga ce a kan bututun, nesa da ido. Dole mai harbi ya haɗa abu uku: tsagar, da tsinin da ke bakin bindiga, da abin da zai harba. Ido kuwa ba ya iya tsayawa a kan nisa uku a lokaci guda.

Daga baya aka ba shi samfurin No. 4. A ita an dawo da abin saitin baya, dab da ido, aka mayar da shi zagayayyiyar huda. Amfanin biyu ne. Tazarar da ke tsakaninsa da tsinin gaba ta ƙaru, kuskure ya ragu. Sannan ido da kansa yake neman tsakiyar huda, ba sai an tilasta shi ba. Ƙaramar huda kuma tana sa na kusa da na nesa su fito tangaran, dalilin da ya sa yatsansa ya zame masa tabarau ke nan.

Tasa mai fuska biyu ce, ana juya ta: ɗaya ta yadi 300, ɗaya ta yadi 600. Ya ce wanda ya bar ta 600 a tsaye alhali abokin gaba na kusa, harsashinsa ta saman kai zai wuce. Da ya faɗi haka sai ya yi shiru, ya daɗe yana kallon ƙasa.

A nan na yi wautar da har yau take cin raina. Ranar Hawan Daushe ce, 'yan bindigar Sarki sun fara ɓarin wuta wajen Ƙofar Kudu, na zabura na bar shi da maganar a baki. Na je kallon bindigogin da ba sa buƙatar saiti, don sama suke harbi. Ban sake tambayarsa ba har Allah Ya karɓi abinsa. Wa ya bar hudar a juye? Shi ne, ko wani abokinsa? Me ya biyo baya? Babu sauran wanda zan tambaya.

Shekara uku ina ƙoƙarin rubuta labarinsa. Na cusa Hitila, na cusa jirgin ruwa da dazukan Arakan, rubutun ya ƙi tsayuwa. Sai na tuna abin da yake nanatawa: kada ka kalli hudar, ka leƙa ta cikinta, idonka ya tsaya a kan tsinin gaba, sauran su dushe. Na yage shafuka, na bar tsoho ɗaya a soro da yatsa a ido. A ranar labarin ya fara tafiya.

Idan akwai tsoho a gidanku, ku je yau da biro da takarda. In ya yi shiru, kada ku tashi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu. Ina jiran gyaranku.