Akawun Alhaji da Baƙin Allo

A wata mangaza ta hatsi a Maraɗi akwai wani akawu da ya yi shekaru yana riƙe da lissafin maigidansa cikin tsohuwar ordinatar. Ran 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, injin kuwa ba shi da ƙarfin ɗaukar na 11. Sayen sabo ba ya cikin zancen Alhaji. Sai ɗan ƙanwar akawun, ɗalibi a jami'ar Yamai, ya saka masa Ubuntu, reshen Linux ɗin da Linus Torvalds ya fara a ƙasar Finlan a 1991, wanda kowa ke ɗauka kyauta, har ya gyara in ya iya. Yaro ya kwashe masa takardunsa, ya mayar, ya hau mota.

Da dare akawu ya taɓa lissafin buhunan wake, ya ƙi buɗewa. Ashe Ubuntu 24.04, in ba a zaɓi cikakke ba, ba ya zuwa da kayan biro. Ga kamiyo biyu za su tashi Jibiya da asuba, Alhaji kuma ba ya sallamar direba da ka.

Ya kira yaro. "Kawu, nan ba a yawon neman manhaja gida-gida," in ji shi. "Rumbu guda ne, a can za ka roƙa." Ya karanta masa harafi-harafi: sudo apt update, sa'an nan sudo apt install libreoffice-calc.

Baƙin allo ya nemi kalmar sirri. Kawu ya buga, bai ga ko ɗigo ba. Sau uku yana gogewa, yana zargin injin da lalacewa, alhali ɓoye ta yake yi da gangan saboda idon na kusa. Abin da ya fi ba shi haushi ke nan, kuma da gaskiyarsa, don ba wanda ya gaya masa.

Rubutu na cikin gudu sai aka ɗauke wuta, batirin kuwa ya daɗe da mutuwa. Da ta dawo, injin ya ce aikin ya yanke, ya rubuta maganin da kansa: sudo dpkg --configure -a. Yaro ya yi barci, ba ya ɗaukar waya. Kawu ya sa tabarau, ya kwafe shi a hankali, ya maimaita umurnin ɗazu.

Ƙarfe ɗaya saura buhunan suka bayyana, kowane a layinsa. Ya rubuta umurnin uku a bayan littafin bashi, ya tafi neman abin da ya rage na tuwon dare.