Tafiya gasa da 'ya'yan mutane

1/ Wasu na ɗauka manajan ƙungiyar yara shi ne mai ihu a gefen fili da usur a wuya. A'a, wannan koci ne. Aikinmu daga zauren iyaye yake farawa. Ku biyo ni 🧵

2/ Ina riƙe da ƙungiyar ƙwallo ta 'yan ƙasa da shekara 15 a Damari, gabashin Birnin Gwari. In aka gayyace mu gasa a Kaduna ko Zariya, sai na bi gida gida neman izini. Uwa ɗaya ta ce min: "Malam, yadda ka ɗauke shi haka za ka dawo min da shi." Wannan maganar ta fi kofi nauyi.

3/ Ba za ka ga laifinta ba. Duk wanda ya san Damari a 2022 ya san yadda mutane suka riƙa barin gari. Tun sulhun ƙarshen 2024 an samu sauƙi, alhamdulillah, amma zuciyar uwa ba ta saurin mantuwa.

4/ Shi ya sa dokokina uku ne: ba tafiyar dare, ba raba yara a motoci daban-daban, kuma duk inda muka tsaya sai na ƙirga kawuna. Ko da mun ci wasa, in la'asar ta wuce, kwana za mu yi.

5/ Sai kuɗi. Na mota, na abinci, na magani. Takalmi ɗaya yara biyu ke karɓa-karɓa, wanda aka canja ya cire ya miƙa wa mai shiga.

6/ Sai babbar jarabawa: shekaru. Za ka ga mai gemu an aske shi tas, an ce ɗan 14 ne. An sha ba ni shawara in nemo irinsu. Na ƙi. In na koya wa yaro ƙarya a kan shekarunsa, me zan ce masa gobe in ya yi min ƙarya?

7/ In yara suka fara kukan rashin kayan aiki, labarin Seun Adigun nake ba su. Da katako ta haɗa keken atisayenta a Amurka, ita da abokanta biyu suka kai Najeriya gasar Olamfik ta hunturu a Koriya ta Kudu a 2018, karon farko a tarihi. A 2022 kuma Samuel Ikpefan ya wakilce mu a tseren kan ƙanƙara a Beijin.

8/ Wani yaro ya ce: "Malam, mu da ƙanƙara sai a leda?" Muka yi ta dariya. Na ce to ka gani, ƙasar da ƙanƙara ba ta zuba ta je, kai da kake da fili da ƙafa biyu fa?

9/ Yaron da ke atisaye bayan la'asar, mai ruɗarsa zuwa daji sai ya sha wuya kafin ya same shi. Ribata ke nan. In kuna da ƙungiyar yara a unguwarku, ku leƙa su, ko da ruwan sha ne. Allah ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya.