Idan Koci Ya Ɗaure Kaya, Wa Zai Bi Shi?

Babu lokacin da ake yawan zancen ƙwallo a Kurfi da Dutsin-Ma kamar lokacin da ba a buga ta. Da zarar an rufe kakar wasa, gidajen kallo sun yi tsit, sai zancen ya koma teburin mai shayi da majalisun bakin titi. Tambayoyin kuwa ba sa wuce biyu: shin koci zai zauna ko zai tafi, kuma in ya tafi su wa zai ɗiba? Ana yin wannan gardama a kan Arsenal da Real Madrid, ana yin ta a kan Katsina United, amma ta fi zafi idan ta sauko kan ƙungiyar gari, domin a nan kocin maƙwabci ne, 'yan wasan kuma 'ya'yan waɗanda ke zaune a majalisar ne.

A Kurfi akwai wani malamin sakandare da ya kwashe shekaru yana tara samari a fili bayan la'asar. Ba a ba shi albashi a kan haka. Da kuɗin aljihunsa yake sayen ƙwallo, wani lokaci har da man babur na kai yaro gida idan ya ji ciwo. Ƙungiyarsa ta kai matsayin da idan ta je wasa Dutsin-Ma ko Katsina ba a raina ta. Sai labari ya bazu cewa wata makarantar horar da 'yan wasa a wani babban birni ta yi masa tayin aiki, da albashi da masauki, kuma tana son ya zo da yara uku daga cikin waɗanda suka fi fice a hannunsa.

Nan take majalisa ta rabu biyu. Wani dattijo da jikansa ke cikin ukun ya ce, "Ku bar Malam ya nemi abincinsa. Wane ne a cikinku ya taɓa saya masa ko usur?" Wani matashi ya amsa masa cikin ladabi, "Baba, ba mu hana shi tafiya ba. Amma in ya kwashe mana gwanaye, su sauran yara ashirin ɗin fa? Wa ya bar musu?" Duka biyun suna da gaskiya, shi ya sa gardamar ba ta ƙarewa. Na farko yana magana ne a kan haƙƙin mutum ya ci gumin sana'arsa. Na biyu yana magana a kan haƙƙin gari, a yankin da matsalar 'yan bindiga ta taƙaita noma da kasuwanci, inda filin ƙwallo yake cikin 'yan wuraren da suka rage na tara matasa a kan abin kirki.

Gardama ɗaya, ƙasashe daban

Abin da ake faɗa a wannan majalisa shi ake faɗa a garuruwan jami'o'in Amurka duk ƙarshen shekara. Can ƙwallonsu ta hannu, mai siffar ƙwai, wadda ɗaliban jami'a ke bugawa, babbar harka ce: filin Jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum sama da 100,000. Shekaru da yawa dokar ta kasance mai son kai. Koci na iya barin jami'a yau ya kama aiki a wata gobe, amma ɗalibin da ya sauya makaranta sai ya zauna shekara guda ba ya wasa. A watan Oktoba na 2018 hukumar NCAA ta buɗe wani kundi na intanet inda ɗan wasa zai sa sunansa don sanar da cewa yana neman wata makaranta. A 2021 aka ba shi damar sauyawa sau ɗaya ba tare da zaman jira ba, kuma a shekarar ne aka yarda ɗalibai su karɓi kuɗin talla da sunansu.

Sakamakon bai ɗauki lokaci ba. A watan Nuwamba na 2021 Lincoln Riley ya bar Jami'ar Oklahoma ya koma Jami'ar Kudancin Kalifoniya. Bayan 'yan watanni tauraron ɗan wasansa, Caleb Williams, ya bi shi, kuma a sabon gidan ne ya lashe kyautar Heisman ta gwarzon shekara a 2022. Magoya bayan Oklahoma sun kira abin cin amana. Wasu kuma suka ce an dai ba yaro 'yancin da ubangidansa ya daɗe yana morewa. A Turai an sha wannan ruwan tun 1995, lokacin da kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a shari'ar Jean-Marc Bosman, ɗan Beljiyam, cewa ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare yana da ikon komawa kulob na wata ƙasa a cikin Tarayyar ba tare da an biya tsohon kulob ɗinsa ba.

A Najeriya jami'a ba ita ce hanyar zama ƙwararren ɗan wasa ba. Akwai gasar NUGA tun 1966, akwai gasar ƙwallon manyan makarantu ta HiFL da aka fara a 2018, kuma Dutsin-Ma tana da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011 da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, inda ɗalibai ke buga wasanninsu. Amma yaron da ke mafarkin cin abinci da ƙafarsa ya san tsaninsa daban ne: filin unguwa, makarantar horarwa, ƙaramin rukuni, rukuni na biyu, sannan gasar Firimiya ta ƙasa. Aikin da jami'a ke yi a Amurka, a nan malami irin na Kurfi ne ke yin sa, ba gini, ba kasafi.

Darasin Katsina United

Mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne a harkar. Ɗan Kurfi, Aminu Balele, shi ya shugabanci Katsina United a lokacin da take buga gasar Firimiya a 2017, kafin a zaɓe shi ɗan majalisar wakilai na mazaɓar Dutsin-Ma da Kurfi a 2023. Ƙungiyar, wadda a da ake kira Spotlights, tana wasanninta a filin Muhammadu Dikko da ke Katsina, kuma laƙabin da ake yi mata yana ɗauke da kalmar canji. Masu barkwanci na cewa sunan ya bi ta, domin cikin 'yan shekaru ta ga masu horarwa da dama, irin su Abdullahi Biffo da Henry Makinwa da Usman Abd'Allah da Tony Bolus. A 2022 ta faɗa rukuni na biyu tare da Kano Pillars, a 2023 kuma suka dawo tare.

Wannan yawan sauyi ba halin Katsina kaɗai ba ne, halin gasar ce baki ɗaya. Yawancin manyan ƙungiyoyin Najeriya mallakar gwamnatocin jihohi ne. Kuɗinsu daga kasafin gwamnati yake fitowa, shugabanninsu naɗi ne, kuma idan gwamnati ta sauya sau da yawa hukumar kulob ma takan sauya. Hukumar da ba ta da tabbacin kujerarta ba ta iya ba koci tabbacin tasa, shi ya sa kwantiragin shekara ɗaya ya zama ruwan dare. Kocin da ya san wasa biyar marasa kyau na iya cin aikinsa ba shi da dalilin renon yaro ɗan shekara 17 wanda sai bayan kaka uku zai nuna. Abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya zo da mutanensa, 'yan wasan da ya sani suka san shi, in ya tashi kuma su tashi tare. Usman Abd'Allah, wanda ya ci kofin gasar da Enyimba a 2019, ya yi aiki a Katsina, daga baya ya koma Pillars. Haka hanyar kusan kowane koci take a gasar, daga wannan gari zuwa wancan.

Saboda haka, idan magoya baya suka zargi koci da rashin amana, ya kamata a tambayi wace amana aka ba shi tun farko. Mutumin da aka ɗauka da sharaɗin kora a kowane lokaci, ba abin mamaki ba ne idan ya riƙa barci da jakarsa a ɗaure. Irin su Rabi'u Ali, wanda ya yi shekaru masu yawa a Pillars har sunansa ya zama ɗaya da na ƙungiyar, ana yabon su ne saboda ba su da yawa.

Tafiya da sallama

Al'adar Bahaushe ba ta taɓa ɗaukar tafiya laifi ba. Almajiri yakan bar malaminsa ya nufi gabas neman ƙarin karatu. Manomi yakan tafi ci-rani bayan girbi. Yaron tela ko na makaniki yakan ƙware ya buɗe nasa shago. Abin da al'ada ta tsananta a kai shi ne yadda za a tafi. Yaron sana'a da ubangidansa ya sallame shi, aka yi addu'a, aka ba shi keke ko kayan aiki, ya tafi da albarka, kuma duk inda ya je sunan ubangidan na biye da shi. Wanda ya sulale da dare, ya janye abokan ciniki, shi ake kira butulu ko da ya yi arziki.

Idan aka saurari majalisar Kurfi da kyau, wannan ne ke damun mutane. Ba wanda yake ganin malamin ya zauna har tsufa yana cin ƙura kyauta. Tsoronsu shi ne yaran su tafi ba sallama, wato ba wata shaida da za ta nuna daga ina suka fito. An ga irin haka a wurare da yawa: wani ya zo da mota da alkawarin Turai, ya ɗauki yaro, bayan shekaru a ji an sayar da shi, a takardunsa kuwa babu sunan garinsu balle na wanda ya koya masa tsayar da ƙwallo. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne dokar ƙwallon duniya ta tanadi irin tata sallamar. A ƙa'idar FIFA, idan aka sayar da ƙwararren ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da rubu'in kashi ɗaya cikin 100, kowace shekara daga 16 zuwa 23 kuma rabin kashi ɗaya. Ƙungiyar da ta riƙe yaro daga shekara 12 zuwa 17 tana da kashi 2 cikin 100 ke nan. Idan an sayar da shi Yuro miliyan ɗaya, rabonta Yuro 20,000 ne, kuma haka za a sake biya duk lokacin da aka sake irin wannan cinikin. Akwai kuma ladan horarwa da ake biya idan yaro ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararru a ƙasar waje. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishi a Faris da ke bin diddigin waɗannan kuɗaɗe ta hanyar fasfon ɗan wasa na kwamfuta.

Sai dai duk wannan yana rataye a kan sharaɗi ɗaya. Dole ƙungiyar ta kasance mai rajista da hukumar ƙwallo, kuma dole a ce an yi wa yaron rajista a ƙarƙashinta a shekarun da ake magana. Ahmed Musa ya fito ne daga makarantar GBS ta Jos kafin ya haskaka a Pillars ya wuce Holan a 2010. Victor Osimhen ya fito daga Ultimate Strikers ta Legas. Ana iya faɗin sunayen waɗannan makarantu a yau saboda an rubuta su. Malamin Kurfi yana da littafin da yake rubuta sunayen masu zuwa atisaye, amma a idon doka wannan littafi bai fi takardar ƙunshin ƙosai ba.

Abin da ya kamata majalisa ta tattauna

Da wannan a zuciya, tambayar ko malamin ya tafi ko ya zauna ta zama ƙarama. Zai iya tafiya gari ya amfana, zai iya zama gari ya yi asara. Tambayoyin da suka fi nauyi guda huɗu ne. Shin ƙungiyar tana da rajista da hukumar ƙwallo ta jiha, da sunanta, da shugabanninta, yadda za ta rayu ko da wanda ya kafa ta ba ya nan? Shin kowane yaro yana da takardar haihuwa ta gaskiya da rajistar ɗan wasa? Shin akwai yarjejeniya a rubuce tsakanin iyaye da makarantar da ke son yaran, wadda ta faɗi wa zai biya kuɗin karatunsu, da abin da zai faru idan yaro ya karye ko aka ce bai yi ba? Shin malamin ya horar da wani mataimaki da zai riƙe usur bayansa?

Tambaya ta uku ita ta fi kowacce muhimmanci ga iyaye, domin cikin yara ɗari masu fice a fili, ƙalilan ne ƙwallo za ta ciyar. Tsarin Amurka, duk da rikicinsa, yana da alheri ɗaya: wanda bai zama ƙwararre ba yana da damar fita da digiri. Yaron da ya bar aji biyar na sakandare a Kurfi ya bi koci, idan gwiwa ta ci amanarsa yana ɗan shekara 20, zai dawo gida ba ƙwallo ba takarda. Dokar FIFA da ta hana kai yaro ƙasar waje kafin ya cika 18, sai a wasu yanayi ƙalilan, an yi ta ne saboda irin wannan. A cikin gida kuwa, mai kare yaron shi ne uban da ya ce sai an gama jarrabawa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Rajistar ƙungiya da ta 'yan wasa aiki ne na 'yan tafiye-tafiye zuwa Katsina da 'yan kuɗi kaɗan, kuma a majalisar da ake wannan gardama akwai lauya, akwai ma'aikacin banki, akwai malamin jami'a da ke zuwa Dutsin-Ma kullum. Kowannensu zai iya faɗin nawa aka sayi ɗan wasan da kulob ɗinsa na Ingila ya ɗauka a bara. Da ɗayansu zai zauna da malamin awa biyu su cike takardun, da ranar da zai tafi an yi masa rakiya har tasha, yaran uku su tafi da sunan Kurfi a fasfonsu, sauran ashirin kuma su fito fili bayan la'asar su tarar da wanda zai hura musu usur.