Baranda da Haƙƙin Na Ƙasa

Kakanninmu ba su san sayen kayan motsa jiki ba. Da ƙafa fataucin goro ya kai su Salaga daga Kano, suna yada zango a Didawure, nan Sokode. Mu kuwa zaman rumfa da hawan babur sun sangarta mu, har likita ya ambaci hawan jini, ya ce lallai a motsa jiki.

Da muka kama haya a bene, sai muka kwaikwayi samarin Zango: muka cika gwangwanaye biyu da siminti, muka soka ƙarfe a tsakani. Wata asuba gwangwani ɗaya ya kwance, ya gangara ta ƙarƙashin shingen baranda, ya dira daidai inda 'yar maƙwabcinmu ke wanke-wanke kullum. Allah Ya sa ba ta riga ta fito ba.

Tun daga ranar, kafin mu taya kaya mukan tambayi kanmu: in ya faɗo, wa zai samu? Tabarma mai kauri, igiyar roba da jarka mai lita 5, wadda ruwanta kilo 5 ne, sun wadatar da mu, kuma daga jikin bango muke tsayawa. Ba ma ɗaura komai a shingen, domin damina na cinye ƙarfe da tsatsa. 'Yan'uwanmu na Dapaong, ku riƙa ajiye igiyar a ɗaki, don zafin Maris da Afrilu kan busar da roba har ta tsinke.

Allah Ya ba mu lafiya, Ya tsare mu daga cutar da maƙwabci.